Simvastatin a kan kemoterapin kansar babban hanji: ko ta cancanci a saya?

Simvastatin ƙwaya ce ta rage kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, kuma a wannan aikin babu mai raina ta. Wani babban bincike da aka fitar a 1994 a ƙasashen Sikandinebiya, a kan mutum 4,444 masu ciwon zuciya, ya nuna ta rage mace-mace da kusan kashi 30 cikin ɗari. Tun daga nan ta zama ruwan dare a takardar maganin masu ciwon zuciya, masu ciwon suga, da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Ba a wannan fagen za mu auna ta ba. Abin da za mu auna shi ne sabon aikin da saƙonnin WhatsApp ke ɗora mata, wai idan aka haɗa ta da kemoterapi tana taimakawa wajen karya kansar babban hanji da ta riga ta bazu zuwa hanta ko huhu. Daga kantunan magani na titin Ahmadu Bello har na Tudun Wada a Kaduna, tambayar iri ɗaya ce. Ɗan mara lafiya zai miƙo waya ya ce, "Malam, don Allah duba mana wannan, ko za mu ƙara wa Baba a kan wanda ake yi masa a asibitin Shika?"

Amsarmu: idan don kansar ce, kada a saya. An gwada ta yadda ya kamata a gwada magani, ba ta ƙara komai ba. Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba, domin akwai masu kansa da yawa da tun farko suna shan ta saboda zuciya, kuma su hukuncinsu daban ne.

Ƙwayar tana zuwa da ƙarfin miligiram 10, 20 da 40, akwai kuma ta 80 da yanzu ba a cika fara wa kowa ba. Da dare ake shan ta, sau ɗaya, saboda ba ta daɗewa a jini kuma da dare ne hanta ta fi ƙera kolestarol. 'Yan uwanta da aka fi samu a Kaduna su ne atorvastatin da rosuvastatin, waɗanda ana iya sha a kowane lokaci na yini, sai pravastatin da ba kowane kanti ke ajiye ta ba. Dukkansu ana kiran su statin. Ta fuskar kuɗi kuwa, simvastatin ta wata guda ba ta ko kusa da kuɗin kwalba ɗaya ta maganin kemo oxaliplatin, kuma wannan arahar ce rabin abin da ke jan iyalai gare ta. Mutumin da ya sayar da fili don biyan kemo zagaye shida, in aka ce masa ga ƙwaya mai sauƙi da za ta ƙara wa maganin ƙarfi, ba za a ga laifinsa ba in ya miƙa hannu.

Maganar kuma ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe a kimiyya. Statin na toshe wani sinadari a hanta da ake kira HMG-CoA reductase, wanda shi ne ƙofar hanyar da jiki ke bi wajen ƙera kolestarol. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya fara gano irin wannan magani a shekarun 1970 daga wani nau'in fumfuna. Wannan hanya ba kolestarol kaɗai take fitarwa ba. Tana kuma samar da wasu ƙananan sinadaran kitse da furotin mai suna RAS ke buƙata kafin ya manne a bangon ƙwayar halitta ya riƙa ba ta umarnin rabuwa. A kusan kashi 40 cikin ɗari na masu kansar babban hanji, ƙwayar gadon KRAS, mai ƙera wani nau'in wannan furotin, ta lalace ta yadda umarnin nan ba ya tsayawa, kuma su ne magunguna masu tsada irin cetuximab da panitumumab ba sa yi wa aiki. Sai masana suka yi tunanin cewa in aka hana RAS wannan kitsen, ƙila ya yi shiru. A ɗakin gwaji hakan ya faru: an zuba statin a kan ƙwayoyin kansa a faranti, suka daina yaɗuwa, wasu suka mutu. A 2005 kuma wani bincike daga arewacin Isra'ila ya ba da rahoton cewa waɗanda suka sha statin shekara biyar ko fiye, haɗarin kamuwarsu da kansar hanji ya ragu da kashi 47 cikin ɗari. A 2014 wani daga Birtaniya, a kan mutum sama da 7,000 da aka riga aka gano suna da cutar, ya ga masu shan statin sun fi daɗewa. Waɗannan su ne alƙaluman da ake yawo da su a waya, kuma ba ƙarya ba ne an buga su.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk waɗannan binciken leƙe ne, wato an duba takardun mutanen da likitocinsu suka riga suka rubuta wa statin, aka kwatanta da waɗanda ba a rubuta wa ba. Wa ke shan statin shekara biyar ba fashi? Mai zuwa asibiti a kan kari, mai halin saye, wanda in ya ga jini a bayan gida ba zai shekara yana shan maganin basir ba kafin a leƙa hanjinsa. Sannan idan jikin mai kansa ya yi tsanani, statin na cikin magungunan farko da likita ke cirewa, sai lissafi ya jefa shi cikin waɗanda ba sa sha. A haka sai ya zama kamar ƙwayar ce ke tsawaita rai, alhali masu sauran ƙarfi ne ke ci gaba da shan ta.

Hanyar raba gardama ita ce a jefa ƙuri'a a raba marasa lafiya gida biyu, a ba wasu ƙwayar gaske, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da likita ko mara lafiya ya san wacce ce ba. An yi hakan a Koriya ta Kudu. Da farko, a 2009, sun fitar da ƙaramin gwaji na mutum 49 da aka ba simvastatin 40 tare da haɗin kemo da ake kira FOLFIRI, sakamakon ya ba da fata, amma babu rukunin kwatantawa. Sai aka yi babban, aka buga shi a 2015: mutum 269 masu kansar hanji da ta bazu, waɗanda kemo na farko ya riga ya daina riƙe su. Kowa ya samu kemo mai irinotecan, rabi aka ƙara musu simvastatin 40 kullum. Matsakaicin lokacin da cutar ta tsaya cik kafin ta sake motsawa wata 5.9 ne ga masu simvastatin, wata 7.0 ga masu ƙwayar banza. Tsawon rayuwa wata 15.9 ga masu simvastatin, 19.9 ga sauran. A lissafin masana wannan tazarar ba ta isa a ce ƙwayar ta cutar ba, za ta iya zama dace kawai. Amma babu ta yadda za a murɗa waɗannan alƙaluma su zama amfani.

A Holand sun gwada ainihin maganar KRAS ɗin. Sun ba masu lalatacciyar KRAS simvastatin 80 tare da cetuximab a gwaji ɗaya, tare da panitumumab a wani, don ganin ko za ta sa magungunan su fara aiki. Kowane gwaji bai kai mutum ashirin ba aka dakatar da shi, domin ba a ga alamar nasara ba. Haka aka yi a kansar ciki a Koriya, haka aka yi da pravastatin a kansar huhu a Birtaniya, a kan mutum sama da 800, sakamakon ya fito a 2017 ba wani bambanci. Shi ya sa babu wata ƙa'idar jinyar kansar hanji da manyan ƙungiyoyin likitocin kansa suka fitar da ta sa statin a matsayin maganin cutar.

Dalilin da abin ya yi aiki a faranti ya ƙi yi a jikin mutum yana da sauƙin ganewa. An ƙera simvastatin ne don ta tsaya a hanta. Da an haɗiye ta, hanta ke kwashe mafi yawanta, abin da ke isa cikin jini bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Yawan da ake zubawa a faranti kafin ƙwayar kansa ta mutu ya ninka wanda ke yawo a jinin mai shan 40 sau da yawan gaske. Masu cewa to a ƙara yawa mana, an riga su. A shekarun 1990 an gwada lovastatin a kan masu kansa har miligiram 45 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, abin da ya taka wa gwajin birki shi ne lalacewar tsoka.

Wannan lalacewar tsoka ita ce babban aibin ƙwayar, kuma mai kemo ya fi kowa zama a bakin ramin. Ga mai lafiya, ciwon tsoka mai tsanani daga statin abu ne da ba a cika gani ba. Amma haɗarin na ƙaruwa da yawan ƙwayar a jini, da tsufa, da raunin ƙoda ko hanta, da bushewar jiki. A duba mai kansar hanji da ta bazu: sau da yawa hantar ce kansar ta fara kamawa, magungunan kemo irinotecan da capecitabine suna sa gudawa, amai na hana shi shan ruwa, ga zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu. Idan tsoka ta fara narkewa, abin da ke fita daga cikinta yana toshe ƙoda. Alamun su ne ciwo da sanyin jiki a cinyoyi da kafaɗu, ɓangare biyu lokaci guda, mutum ya kasa tashi daga tabarma ko ɗaga hannu ya sa hula, sai fitsari ya ragu ya koma launin shayi ba madara. Duk wanda ya ga haka ya ajiye ƙwayar a ranar, a tafi asibiti a auna CK, wato sinadarin da ke hawa a jini idan tsoka ta lalace, da aikin ƙoda. Idan CK ya haura ninki goma na iyakar lafiya, ba a ci gaba da statin. Matsalar ita ce a gida kowa zai ce gajiyar kemo ce, a yi ta shafa man zafi har ƙoda ta tsaya. Kuma ƙodar da ta yi rauni ba ta iya fitar da capecitabine yadda ya kamata, sai dafinsa ya taru, ko likita ya rage shi, ko ya ɗage zagaye. Garin neman gira a rasa ido ke nan, an ƙara abin da ba ya aiki, an jinkirta wanda ke aiki.

Hantar ma haka. Kafin kowane zagaye ana auna ALT da AST da bilirubin a jini don duba lafiyar hanta. Oxaliplatin da irinotecan suna iya ɗaga su, kansar da ke cikin hanta tana iya ɗaga su, statin ma tana iya ɗagawa. In aka ƙara ƙwaya a ɓoye, alƙaluma suka hau, likita zai ɗora laifin a kan kemo ya rage shi, don bai san da na ukun ba.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne haɗuwar magunguna. A ɗauki ledar maganin dattijo ɗan shekara sittin da biyar daga Rigasa, a zazzage ta a kan tebur. Ga capecitabine na miligiram 500 da yake sha safe da yamma, cikin minti talatin bayan abinci, kwana 14 a huta 7. Ga amlodipine 10 na hawan jini, ga metformin na ciwon suga. Ga fluconazole da aka ba shi saboda farin da ya fito masa a harshe bayan zagaye na biyu. Ga clarithromycin da wani ɗansa ya karɓo a kemis na bakin layi saboda tari. Ga ƙullin garin magani na gargajiya ba suna. Yanzu a ɗora simvastatin 40 a kai. Wani sinadarin hanta mai suna CYP3A4 shi ke narkar da simvastatin. Clarithromycin na toshe shi sosai, har ƙwayar ta taru a jini ninki da yawa, shi ya sa ƙa'ida ta haramta haɗa su gaba ɗaya. Haka erythromycin, ketoconazole, itraconazole, da magungunan cuta mai karya garkuwar jiki masu ɗauke da ritonavir. Fluconazole na toshewa daidai gwargwado, haka aprepitant da ake bayarwa kwana uku don hana aman kemo. Mai shan amlodipine kuwa bai kamata simvastatin ɗinsa ta wuce 20 ba, mai diltiazem ko verapamil kada ta wuce 10. Wato dattijon nan tun kafin a zo kan clarithromycin, 40 ɗin da saƙon waya ya ce a ba shi ta riga ta wuce iyaka. Ita kuwa ta 80, tun 2011 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce a daina fara wa sababbin marasa lafiya saboda tsoka. Ruwan garehul ma yana toshe wannan sinadari, ko da yake a nan ba kowa ke shan sa ba.

Rosuvastatin da pravastatin ba sa bi ta CYP3A4, don haka su likita ya fi komawa gare su idan mai kemo na buƙatar statin. Amma rosuvastatin ma tana da nata abokin gaba. Regorafenib, ƙwayar da ake bayarwa idan kemo na farko da na biyu sun gaza, tana ninka yawanta a jini kusan sau huɗu. Rifampicin na tarin fuka shi kuma akasi yake yi, yana hanzarta narkar da simvastatin har ta zama kamar ba a sha ba. Masu shan warfarin kuma su yi hattara ninki biyu, domin capecitabine na ƙara masa ƙarfin tsinka jini ƙwarai, simvastatin ma tana ƙara kaɗan, ga hanji mai ciwo da ke iya zubar da jini.

To, wanda tun kafin kansa yake shan statin fa? Kada ya daina da kansa. Idan ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ƙwayar na yi masa aikin gaske, kuma magungunan kemo 5-FU da capecitabine su kansu suna iya matse jijiyoyin zuciya su kawo ciwon ƙirji, bevacizumab kuma, da ake haɗawa da kemo, na ƙara haɗarin toshewar jijiya. Abin yi shi ne ranar asibiti a ɗauki dukan magungunan cikin kwalayensu, ba a faɗa da baki ba, a ajiye gaban likitan kansa ko mai harhaɗa magunguna na sashen, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya ake kemon, ko a asibitin Barau Dikko na Kaduna, ko wani wuri. Su za su duba aikin hanta da ƙoda su ce a ci gaba, a rage, ko a canja iri. Idan ALT ya wuce ninki uku na iyaka ya ƙi sauka, yawanci ana dakatarwa. Ranar da gudawa ta kai sau huɗu fiye da yadda aka saba, ko amai ya hana ruwa zama, a dakatar da statin da capecitabine a kira asibiti. Kwana uku ko mako ba statin ba ya cutar da zuciya, amfaninta a shekaru ake ƙirga shi. Haka in dole sai an sha clarithromycin, a ajiye simvastatin har a gama. Masu niyyar azumi a tsakiyar kemo kuma su tambayi likita tukuna, saboda wannan bushewar jikin.

Akwai kuma lokacin da cirewar ce ta fi. A 2015 an buga wani gwaji a Amurka na mutum 381 masu ciwo mai tsanani da ake ganin sauran rayuwarsu tsakanin wata ɗaya ne zuwa shekara, kusan rabinsu masu kansa. Aka cire wa rabi statin. Ba a ga bambancin a-zo-a-gani a mace-mace cikin kwana 60 ba, kuma waɗanda aka cire wa sun ɗan fi jin daɗin rayuwarsu. Hajiyar da ke fama da haɗiyar ƙwayoyi goma a rana, ga ciwon baki, ba ta buƙatar ta goma sha ɗaya don kolestarol.

Ga wanda likita ya rubuta wa ita saboda zuciya, a saya a kantin magani mai rajista inda akwai ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ba a kemis ko tiren kasuwa ba, domin magani ne na takardar likita. A duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da ƙarfin da aka buga a jikin sachet ɗin ya yi daidai da na kwali. In akwai wurin kankarewa a tura lambar a tabbatar. Kada a bar ta cikin mota ko kan taga, zafin da ya wuce digiri 30 na rage mata inganci. A kuma lura da ƙwayoyin haɗi, akwai masu amlodipine da atorvastatin a ƙwaya ɗaya, sai mutum ya ƙara simvastatin a kai yana shan statin biyu bai sani ba. Mace mai ciki ko mai shayarwa ba ta sha.

Idan akwai ɗan abin da ya rage a hannu bayan kuɗin kemo, akwai inda zai yi amfanin da aka tabbatar. Na farko, kada a tsallake gwajin jini kafin kowane zagaye, kuma kada a bar zagaye ya wuce lokacinsa don kuɗin mota zuwa Zariya: haɗin kemo na FOLFOX da FOLFIRI duk kwana 14 ne, na CAPOX duk kwana 21. A ajiye loperamide a gida ga mai irinotecan, miligiram 4 da gudawar farko, sannan 2 duk bayan awa biyu har a yi awa 12 ba gudawa, kada a wuce awa 48 ba a ga likita ba, tare da ruwan gishiri da suga. A sayi ma'aunin zafin jiki, domin zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jikin mai kemo na gaggawa ne, ba na a fara shan maganin maleriya a gani ba. Mai oxaliplatin ya nemi safar hannu da ta ƙafa kafin hunturu, ya guji ruwan firji 'yan kwanaki bayan ƙarin ruwan, saboda sanyi na tayar masa da tsirar yatsu da shaƙewar maƙogwaro. Sai a tambayi likita ko za a iya tura naman da aka yanka gwajin ƙwayoyin gado na RAS da na MSI. Na farkon shi ke nuna ko cetuximab zai yi aiki kafin a zuba masa kuɗi, na biyun kuma shi ke gano kusan kashi 5 cikin ɗari na masu cutar da ta bazu waɗanda pembrolizumab, maganin da ke tayar da garkuwar jiki, ya fi kemo yi musu amfani. Idan kuma a hanta kaɗai kansar ta tsaya, a ɗan wuri, a tambaya ko likitan tiyata zai duba hoton bayan zagaye huɗu zuwa shida, domin akwai waɗanda ake yanke wa ɓangaren hantar su warke.